Kwalbar da Na Ƙi Zubarwa

Da hantsi jirgin ƙasa ya sauke ni a garin, hannu ɗaya ina jan akwati, ɗayan riƙe da takardar da na rubuta adireshin ɗakina. Ƙaramin gari ne a ƙasar Jamus, akwai jami'a, akwai kogi, kekuna kuma sun kusa fin mutane yawa. Ɗakin, wani ɗan ƙasarmu ne ya kama mini tun ina gida. Ta waya muka san juna. Ya turo hotuna har da labule da tukunyar fure a taga, kowane saƙo sai ya ce mini "ƙanena". Na bi lambobin gidaje ɗaya bayan ɗaya har na iso lambar da ke takardata, sai ga ni a ƙofar shagon gyaran taya.

Mai shagon, wani Baturke mai kaurin gashin baki, ya karɓi takardar ya duba, ya dube ni, ya girgiza kai. Da guntun Turancinsa ya fahimtar da ni cewa ba ni ne na fara zuwa neman wannan ɗaki ba. Na kira yayan nawa na waya, lambar a kashe, kuma har yau ba ta sake shiga ba. Raina ya ɓaci, amma kunya ta fi ɓacin ran yawa, don ni a gida ina cikin masu ganin idonsu a buɗe yake. Mutumin ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya, ya ba ni shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, da ya tashi aiki ya sa ni a motarsa ya kai ni masallacinsu. Akwai wani ɗan ɗaki a sama inda suke ajiye dardumomi. A nan na yi mako biyu kafin jami'a ta sama mini makwanci.

Kaji ne suka kai ni Jamus, kuma sai na koma baya kaɗan kafin a gane.

Sunana Sagiru, ni ne auta a gidanmu da ke Dayi, ta Malumfashi. Mahaifiyata, da muke kira Inna, mai kiwon kaji ce tun kafin a haife ni. Idan kaza ta yi mako biyu da ɗoriya tana kwanci, Inna kan ɗebo ruwa mai ɗumi a ƙwarya ta sa ƙwan ciki ɗaya-ɗaya. Wanda ya yi ɗan rawa a ruwa, akwai rai a ciki, sai ta goge shi da bakin zane ta mayar. Ni kuma in ta ba da baya sai in saci ɗaya in kai shi inda rana ke shigowa ta tsagar ƙofa, in ga jijiyoyi ja sun yi reshe, da wani ɗan baƙin abu yana motsi. Duk shekara kuma, da sanyi ya shigo, sai annoba ta bi gari. Kaza ta takure, wuyanta ya murɗe, kashinta ya koma kore, kafin mako a wayi gari akurki babu kowa. Da malamin firamare ya gaya mana cewa abin da ke kashe su ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, na dawo gida da tambaya ɗaya.

"Inna, to shi abin, me yake ci?"

"Auta, tambayarka ta yi yawa. Tashi ka kore mani awakin can."

Wani abu kuma game da gidanmu: ba a zubar da abinci. Tuwon dare ya kwana, da safe ya zama ɗumame, ko da miyar ta fara canza fuska. Kowa na ci, ban da mutum ɗaya, Babanmu, Allah ya jiƙansa. Shi ko kallon ɗumame ba ya yi. Sai dai ya sha ruwa ya ɗauki fartanya ya tafi gona da yunwarsa, Inna tana bin sa da harara.

Tambayar tawa ta bi ni har jami'a, ta kuma zaunar da ni a wani ɗakin gwaji na cututtukan dabbobi, inda na yi shekara huɗu a hannun wani dattijon ma'aikaci, Malam Iro. Shi ya koya mini yadda ake fasa ƙwai mai kwana goma, a ciro ɗan tayin kazar, a daddatsa, a warware ƙwayoyin halittarsa, a shimfiɗa su a kwalba mai faɗi su ci gaba da rayuwa a cikin akwatin ɗumi. Abincinsu wani ruwa ne mai launin hoda, akwai sukari da gishiri da sauran abubuwan gina jiki a ciki. Mu romo muke ce masa. Romon nan daga waje ake kawo shi, kuma in ya ƙare sai mu yi watanni muna jira. Don haka Malam Iro yana da doka: romon da aka kwashe daga kan ƙwayoyi masu lafiya, matuƙar yana nan da hodarsa, ba a zubarwa. A tace shi, a haɗa rabi da sabo, a sake amfani da shi. Haka na koya, haka na ga kowa na yi, ban taɓa ɗaukarsa a matsayin wata dabara ba. A wurina daidai yake da wanke hannu kafin aiki, abin da ba wanda zai tsaya rubutawa.

Ranar da na fara zuwa ɗakin gwajin Jamus na saki baki. Firij ya fi ƙofar zaure tsawo, cike da kwalaben romo sababbi fil, an jera su har baya. Shugabar wurin, wadda kowa ke kira Farfesa, mace ce siririya mai gajeren gashi, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da ni ta ce:

"Wata uku na gwaji ne. Za ka shimfiɗa ƙwayoyin tayi, ka sa musu bairas, ƙwayar cutar nan mai kashe kaji, ka auna yawan da ya haifa. Kowa a nan ya yi wannan kafin in ba shi aikin kansa. In sakamakonka ya yi daidai da namu, ka zauna ka yi digirinka na uku. In bai yi ba, takardar zamanka za ta ƙare, ka koma gida. Ba mugunta ba ce, ba zan gina aiki a kan hannun da ban yarda da shi ba."

Na ce na ji. A raina ma dariya nake yi, don aikin da na yi shekara huɗu ina yi ne, da wutar lantarki mai zuwa ta ɗauke.

Awon ba shi da wuya. Faranti ne na roba mai ramuka a jere. Ka sa ruwan da ka ɗebo daga kwalba a ramin farko, ka sirka shi da rabi a na biyu, ka sake sirkawa a na uku, haka har ƙarshe. Sai ka ɗiga jinin kaza a kowane rami. Inda bairas ke da sauran ƙarfi, jinin sai ya baje ya rufe gindin ramin. Inda ya ƙare, jinin sai ya taru ya zama ɗigo ɗaya. Ka ƙirga ramukan da suka baje, shi ke nan. Kowa a ɗakin nan rami takwas yake samu. Ni na samu huɗu. Kuma da yake kowane rami ninkin na gabansa ne, ratar ba ƙarama ba ce.

Na sake, huɗu. Na canza ƙwai, huɗu. Na karɓi bairas daga kwalbar wata ɗaliba da ke samun takwas, na yi a gefenta tana kallon hannuna, ita ta samu takwas, ni huɗu. Abin mamakin shi ne ƙwayoyina da ban sa wa cuta ba sun fi na kowa kyau. In ka leƙa ta madubin ƙara girma sai ka ga sun miƙe sun kwanta lumui. Na kuma lura da wani abu da ya tsaya mini a rai: kwalaben da sauran abokan aiki suka sa wa cuta, kwana biyu romonsu ya koma rawaya, nawa kuwa sai ya tsaya tsakani. Na yi ta kallonsa ina tambayar kaina, amma sai na ɗauka alamar tsafta ce, har ina ɗan jin daɗi.

Watan nan na biyu shi ne mafi wuya. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Mutane ba sa gaisawa a mota, in ka yi sallama sai a matsa maka, a zaci wuri kake nema. Maƙwabciyata ta liƙa mini takarda a ƙofa saboda na jefa kwalin madara a kwandon da ba nasa ba, ashe shara ma kowace da gidanta. Na yi kewar gida har ina jin ta a ciki kamar yunwa. Na yi kewar ƙarar babura a bakin titi, da ƙamshin gyaɗa ana suya, da a kira sunana daga nesa. Duk Juma'a in na kira Inna sai ta ce, "Auta, ya karatun?" In ce lafiya lau. Dukan unguwa sun san ɗan Inna ya tafi Turai neman maganin ciwon kaji. Nakan kwanta in hango kaina na sauka a tashar Malumfashi da akwatina bayan wata uku, ana tambayata, "Har an gama?"

Saura mako biyu wa'adina ya cika aka kama ni, kuma wanda ya kama ni shi ne mutumin da ya fi kowa kirki a wurin. Sunansa Yurgen, dattijon ma'aikaci ne mai kula da kayan aiki, ni Baba Yurgen nake ce masa. Tun farko ya lura bakina na motsi duk sanda zan fasa ƙwai, ya tambaye ni, na ce bisimilla nake yi, tunda rai ne a ciki, saura kwana goma sha ɗaya ya ƙyanƙyashe. Ya ce shi shekara talatin yana fasawa, kuma har yanzu ba ya son kallon zuciyar tana bugawa. Daga ranar muka saba.

Ran wata Juma'a da rana yana share firij, sai ya zaro wata kwalba daga can baya. Ba kwanan wata, ba bayanin abin da ke ciki, sai harafin sunana kawai. A wurinsu wannan babban laifi ne.

"Sagir, mene ne wannan?"

"Romo ne, Baba."

"Wane iri? Launinsa bai yi mini kama da sabo ba."

Na yi masa bayani hankali kwance, yadda mutum zai faɗi hanyar gidansu. Na ce romon da na kwashe daga ƙwayoyi masu lafiya ne, na tace, ina haɗa rabi da sabo in zuba wa waɗanda zan sa wa cuta. Na ce ai bai lalace ba, dubi hodarsa.

Ya ɗora kwalbar a tebur a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Ga firij cike da sabo?"

Sai a lokacin na ji maganar da kunnen wani. Na dubi firij ɗin, na dubi kwalbata. Na ce, "Hannuna ne ba ya iya zubarwa."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ja kujera ya zauna, ya ce shi ma a gabashin ƙasar ya tashi, zamanin da take rabe biyu, kuma sun yi shekaru suna wanke abin da yau ake jefarwa bayan amfani ɗaya. Daga nan ya laluba aljihun rigarsa ya fito da ɗan injin da yake auna sukarin jininsa, don yana da ciwon suga. Ya ce wannan ba awon kirki ba ne, amma zai nuna mana hanya. Ya ɗiga sabon romo, lamba ta fito. Ya ɗiga na kwalbata, lambar ta faɗo ƙasa sosai. Muka ɗebo daga kwalbar da ɗalibar nan ta sa wa cuta, wadda ta koma rawaya, sukarin ya kusa ƙarewa ƙaf. Muka ɗebo daga tata marar cuta, wadda aka zuba wa romo rana ɗaya da waccan, da sauransa da yawa.

Na manta da cewa korata za a yi. Na tsaya ina kallon ɗan injin nan, tambayar da na yi wa Inna ina ɗan firamare tana dawo mini. Na karanta a littafi cewa bairas ba shi da baki, ba shi da ciki, ba ya iya sarrafa komai da kansa, amma ban taɓa ganin abin da idona ba sai ranar. In ya shiga ƙwayar halitta, murhunta yake ƙwacewa. Ƙwayar da ke cin sukari a hankali tana ƙone shi tas, sai ta koma haɗiya ba ƙaƙƙautawa, tana yagar rabi ana gina sababbin bairas da shi, tana zubar da sauran da tsaminsa. Tsamin nan ne ke mayar da romo rawaya. Ƙwayoyin tayi kuwa dama can masu ci ne, tunda girma suke yi ba dare ba rana, duk ƙofofin abinci a buɗe suke, shi ya sa cutar ke jin daɗinsu. Ƙwaya mai lafiya tana iya maneji da rabin abinci. Wadda ke ciyar da baƙo mai haɗama ba za ta iya ba. Wata biyu da rabi ina ba bairas ɗumame, ina mamakin da bai yi ƙiba ba.

Baba Yurgen ya mayar da injinsa aljihu ya ce, "Wataƙila wannan ne, wataƙila ba shi ba ne. Amma dole ta sani. Ka gaya mata da bakinka kafin a tashi, in ba haka ba ni zan gaya mata ran Litinin."

Na ɗauki kwalbar na nufi ofishin Farfesa. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta littafin aikina. Ta buɗe shafi bayan shafi.

"Ina ka rubuta wannan?"

"Ban rubuta ba."

"Me ya sa?"

"Ban san abin rubutawa ba ne, Farfesa. A inda na koyi aiki kowa haka yake yi."

Fuskarta ta yi ja. Ta ce ba sake amfani da romo ne ya ɓata mata rai ba, abin da ya ɓata mata rai shi ne mako goma ana fasa ƙwai, ana zargin bairas, ana zargin akwatin ɗumi, alhali amsar tana bayan firij ba suna. Ta ce wanda ba ya rubuta abin da hannunsa ya yi, ko ya gano gaskiya ba wanda zai iya bin sawunsa. Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini zafi.

Ta juya kwalbar a hannunta na ɗan lokaci. Sai ta ce:

"Saura maka kwana goma sha huɗu. Layi uku za ka yi. Na farko sabon romo. Na biyu wannan naka. Na uku naka, amma ka mayar masa da sukarin da ya rasa. In na farko bai kai takwas ba, hannunka ne ba kyau, ka tafi gida. In ya kai, na uku kuma bai motsa ba, to labarin sukarin nan tatsuniya ce, kuma zan yi tunani. Komai ka rubuta, har atishawa."

Ban taɓa yin aiki da tsoro da ɗoki a haɗe irin na kwanakin nan ba. Abu mafi wuya shi ne layin farko, don sai da na kwashe romo mai kyau, da hodarsa, na tuttular a kwalbar shara. Baba Yurgen yana tsaye a bayana yana cewa, "Zuba, Sagir, zuba." Na zuba, ina jin kamar Inna da Malam Iro suna leƙowa ta taga.

Ranar awo, da misalin goma na safe, na ɗiga jini a ramuka na ajiye farantin a kan farar takarda. Sai an jira kusan rabin awa kafin jinin ya kwanta. Farfesa ta shigo ta tsaya da kofin kofi a hannu, ba ta zauna ba. Layi na biyu ya fara nunawa, huɗu, kamar kullum. Na kasa kallon na farko, sai da Baba Yurgen ya ƙirga da ƙarfi da bakin biro, ya tsaya a takwas. Na sauke numfashin da na yi wata uku ina riƙe da shi. Muka koma kan na uku. Biyar, shida, bakwai. Rami na takwas ɗigo ne.

"Bakwai," in ji Farfesa. Ta ajiye kofin ta sunkuya. "Me ya sa ba takwas ba?"

"Akwai wani abin da suka cinye a romon ban da sukari," na ce. "Kuma shi ma bairas yana buƙatarsa."

"Mene ne?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban tabbata ba," ta ce. Karo na farko ke nan da na ga haƙoranta. Ta zaro alƙalamin rubutu a kan gilashi daga aljihunta, ta tura mini kwalbata. "Rubuta abin da ke ciki, da kwanan wata, da cikakken sunanka. Za ka daɗe kana amfani da ita."

Ramin nan guda da ya ƙi bajewa, shi na yi shekara huɗu ina bi.

Da na fito na zauna a kan wani benci a bakin kogi, ban jira Juma'a ba na kira gida. Na gaya wa Inna komai, har da shagon taya da na ɓoye mata. Ta yi salati, ta yi wa yayan nawa na waya addu'ar da ba zan maimaita ba. Sannan na yi ƙoƙarin yi mata bayanin abin da muka gani, da ƙwai da romo da sukari.

"To tsaya, Auta. Kana nufin in sanyi ya shigo in hana kajina dawa?"

"A'a Inna, kada ki soma. Wannan a kwalba ne kawai. Ki dai kai su a ɗiga musu rigakafi, kamar yadda na gaya miki bara."

"To mi ka gano ke nan?"

"Na gano abin da yake ci. Kin tuna na taɓa tambayarki?"

"Na tuna. Ka hana ni sakat." Ina jin zakara na cara a bayanta, ina jin wani yana daka. "Wato kai da ka je ƙasar mutane, ga abinci sabo an tara maka, sai ka bi ka ba ciwon nan ɗumame."

"Haka aka yi, Inna."

"Shi kuma ya ƙi ci."

"Ya ƙi."

"Allah sarki," ta ce. "Halin Babanku ke nan."

Na yi dariya har wata tsohuwa mai yawo da kare ta juyo tana kallona. Ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba, Inna kuma ba ta kashe wayar ba sai da na gama.